Igiyar Talala Tana Hannun Wa?

Karatu: Irmiya 29:1-14

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwanmu na ƙasar Anka, da Gummi, da Bukkuyum, waɗanda suke gidajensu da waɗanda wuya ta raba da gidajensu. Yaya muka ji da haƙuri? Ubangiji ya ƙara mana ƙarfi. In akwai Littafi Mai Tsarki kusa da kai, ka buɗe Irmiya sura 29 ka sa yatsa a wurin, gama a can za mu daɗe yau.

Zaman da Yahudawa suka yi a ƙasar Babila, a Hausa muna kiransa zaman talala, ko bautar talala. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san talala. Da damina, lokacin da shuka ta fito, akan ɗaura wa akuya doguwar igiya a kafa mata turke. Tana yawo, tana cin ciyawa, amma akwai inda ba za ta wuce ba. Wanda ya kafa turken shi ya auna tsawon igiyar, shi ne kuma zai zo da yamma ya kwance ta. Tambayar da muke so mu duba yau ita ce: sa'ad da mutanen Allah suka shiga talala, igiyar tana hannun wa?

ABIN DA IDONMU YA GANI

Ba daga littafi kaɗai muka san wannan tambaya ba. A shekara ta 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, iyaye ba su san dalili ba. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka bincika aka gane gubar dalma ce, wadda ke cikin duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Ba a gama share hawaye ba, 'yan bindiga suka yi ƙarfi a daji. A 2019 mutanen ƙauyuka da yawa sun taru cikin garin Anka, wasu suna kwana a filin sabon ginin fadar sarki wanda ba a gama ba. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a jihar Zamfara, aka hana cin kasuwannin mako, har mutum ya kasa jin ko ɗan'uwansa yana da rai. Daga 4 zuwa 6 ga Janairu 2022 aka auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna wurin suka ce sun kai 200. A watan Agusta na 2024 ruwa ya ci gidaje a Gummi, dubban mutane suka rasa wurin kwana, a watan Satumba kuma jirgin ruwa ya kife da manoma masu zuwa gona, fiye da mutum 40 suka tafi.

Wannan wuya ba ta tambayi addinin kowa ba. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ne mafi yawa a ƙasar, sun binne nasu, mu ma mun binne namu. Amma mu masu bi, da yake ba mu da yawa, idan iyali biyar suka bar ƙauye, sau da yawa an rufe majami'a ke nan. Wanda ya saba buga ganga ran Lahadi yana wani gari, mai karanta nassi yana wani. Shi ya sa idan muka karanta labarin Babila, kamar labarin gidanmu muke ji.

YADDA YAHUZA TA TAFI BABILA

Ba rana ɗaya aka kwashe su ba. A shekara ta 605 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya ɗauki wasu samari na gidan sarauta, Daniyel yana cikinsu. A 597 ya dawo ya tafi da sarki Yekoniya, wanda ake kuma kira Yehoyakin, tare da fādawa, da jarumawa, da maƙera, da masu sana'a. Littafin 2 Sarakuna sura 24 ya ba da adadin mutum 10,000. Ezekiyel, ɗan gidan firistoci, yana cikin wannan ayari. A 586 kuma aka rushe garun Urushalima, aka ƙone Haikalin da Sulemanu ya gina, aka yanka 'ya'yan sarki Zadakiya a gabansa, sa'an nan aka ƙwaƙule masa idanu. Hanyar kuwa ba kusa ba ce. Ezra da ya bi ta daga baya, wata huɗu ya yi a kanta.

Ku tuna cewa a tunanin mutanen zamanin nan, idan aka ci wata ƙasa da yaƙi, an ci allahnta ke nan. Kayan Haikali suna ajiye a gidan gunkin Babila. Bayahuden da ke zaune a bakin kogin Kebar yana da dalilin da zai ce a ransa: ko dai Ubangiji ya kasa, ko kuwa ya manta da mu. Zabura 137 ta nuna mana su suna kuka a bakin ruwa, sun rataye molayensu, waɗanda suka kama su suna yi musu ba'a wai su yi musu waƙa. Littafin Makoki kuma sura biyar ne na kuka zalla. Allah bai share waɗannan daga cikin Maganarsa ba. Saboda haka, 'yar'uwa, idan kin yi kuka saboda ɗanki ko mijinki, ba ki yi zunubi ba. Kada wani ya ce miki hawaye rashin bangaskiya ne.

WA YA KAI SU?

Yanzu mu duba wasiƙar. Irmiya yana Urushalima, ya rubuta wa waɗanda aka kwashe a 597, ya ba Elasa ɗan Shafan da Gemariya ɗan Hilkiya, manzannin da sarki Zadakiya ya aika Babila. A aya ta 1 an faɗa mana Nebukadnezzar ne ya kwashe mutanen. A aya ta 4 da ta 7 kuwa Ubangiji ya ce shi ne ya kai su can. To, wanne za mu ɗauka? Duka biyu gaskiya ne. Nebukadnezzar ya yi abin da zuciyarsa take so, don neman mulki da dukiya. Amma bai iya ƙara taku ɗaya a kan inda Allah ya yarda ba. Shi yana gani shi ke jan igiya, alhali turken yana hannun Mai Iko Dukka. Abin da muke nufi ke nan idan muka ce Allah shi ne mai mulki bisa kome: ba abin da ke faruwa a ɓoye gare shi, ba kuma wanda ya fi ƙarfinsa.

A nan akwai kuskure biyu da ya kamata mu guje musu.

Na fari, kada mu ce tun da Allah ya yarda abu ya faru, mai mugunta ba shi da laifi. Annabi Habakuk ya yi gardama da Ubangiji a kan wannan. Ya ce yaya za a hukunta mutane ta hannun waɗanda suka fi su mugunta? Amsar da ya samu ita ce, Babila ma tana da ranarta. Irmiya sura 50 da 51 duk a kan hukuncin Babila suke. Wanda ya ƙone rumbu, wanda ya sa wa manomi haraji kafin ya girbe gonarsa, wanda ya ɗauke 'yar mutum don kuɗin fansa, da wanda aka ba amanar tsaro ya ci ta, kowannensu zai tsaya gaban Allah. Kome nisan jifa, ƙasa zai fāɗo. Dogara ga ikon Allah ba ta hana mu kiran mugunta da sunanta, ba ta kuma hana mu neman hukuma ta yi aikinta.

Na biyu, kada mu ce duk wanda masifa ta same shi zunubinsa ne ya jawo masa. Gaskiya ne al'ummar Yahuza ta yi shekaru tana bin gumaka, annabawa suna gargaɗi ba ta ji ba, kuma nassi ya faɗa sarai cewa hukunci ne ya zo mata. Amma Daniyel wane gunki ya bi? A Irmiya sura 24 an nuna wa annabin kwanduna biyu na ɓaure, ɗaya mai kyau, ɗaya ruɓaɓɓe. Abin mamaki, mai kyan shi ne waɗanda aka kai Babila. Waɗanda suka saura a gida suna ganin su ne Allah ya zaɓa, ashe ba haka ba ne. Ubangiji Yesu ma, a Luka sura 13, ya yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta fāɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen birni laifi ba. Saboda haka ɗan'uwa da ke zaune lafiya a Gusau ko Sakkwato, kada ka dubi ɗan gudun hijira daga Bukkuyum ka ce addu'arsa ce ba ta da ƙarfi. Ka buɗe masa ƙofa.

ANNABAWA BIYU

A sura 28 wani annabi mai suna Hananiya ya tashi a Haikali gaban jama'a ya ce cikin shekara biyu za a komo da sarki, da mutane, da kayan Haikali. A lokacin Irmiya yana yawo da karkiyar itace a wuyansa, alama ce cewa za a bauta wa Babila. Hananiya ya cire ta ya karya. Babu shakka mutane sun ji daɗi a ranar. Irmiya kansa ya ce amin, da ma haka ne. Amma Ubangiji ya sake aikensa ya ce an karya ta itace, ta ƙarfe za ta maye gurbinta. Bayan wata biyu Hananiya ya mutu.

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. A lokacin wuya masu sayar da alkawari sukan yi yawa. Wani zai ce ka kawo kuɗi ya yi maka addu'a ɗanka ya fito daga daji cikin kwana uku. Wani zai ba ka laya, ko mai, ko ruwa a kwalba, ya ce harsashi ba zai kama ka ba. Mu gwada kowace magana da Littafi Mai Tsarki. Maganar da ta fi daɗin ji ba lalle ita ce ta Allah ba.

Abin da Irmiya ya rubuta mai nauyi ne: shekara 70. Dattijon da ya ji an karanta wasiƙar ya san ba zai ƙara ganin Urushalima ba. Duk da haka akwai ta'aziyya a ciki, gama abin da aka ƙidaya yana da ƙarshe. Allah bai ce har abada ba. Ya auna igiyar. Mu ba a ba mu adadin shekaru ba, kuma duk wanda ya ce ya san ranar da wahalar Zamfara za ta ƙare, ku yi hankali da shi. Abin da muka sani shi ne Allahn da ya sa wa Babila iyaka bai sāke ba.

Aya ta 11 ita ce wadda muke son rubutawa a kalanda da bayan mota, inda Ubangiji ya tabbatar musu cewa nufinsa a kansu na alheri ne, kuma akwai gobe a gabansu. Mu lura da waɗanda aka faɗa wa ita. Mutane ne da suka rasa gida, da gona, da wurin sujada, kuma a ayar da ke gabanta aka ce musu sai sun jira shekara 70. Ayar ba ta yi alkawarin wuya ba za ta zo ba. Ta ce wuya ba za ta iya soke nufin Allah ba.

ME ZA MU YI KAFIN A KWANCE IGIYA?

Wasiƙar ba ta ce su naɗe hannu ba. Ta ce su gina gidaje, su yi shuka su ci amfaninta, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, kada su ragu. Akwai wani irin "haka Allah ya so" wanda ragwanci ne kawai aka sa masa rigar ibada. Ku tuna yadda aka shawo kan gubar dalma. An kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe, aka zuba sabuwa mai tsabta, a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, a Bagega kuma a 2013. An ba dubban yara maganin da ke fitar da gubar daga jini. An koya wa mutane su daina daka dutse inda yara ke wasa. Da iyaye sun ce ƙaddara ce suka zauna, da kaburbura sun ƙaru. Allah ya yi jinƙai, ta hannun masu shebur da masu ba da magani ya yi shi.

Haka yake a gare mu. In ka sami kanka a garin da ba naka ba, ka nemi sana'a ko ƙarama ce. In an ba ka aron fili, ka shuka ko kuɓewa ce. Ka sa yara makaranta, kada ka ce sai mun koma gida, gama yaro ba ya jiran zaman lafiya kafin ya girma. In ba majami'a, ku taru a ɗaki ko gindin itace, mutum uku ko huɗu, ku karanta nassi ku yi addu'a. A sura 11 ta littafin Ezekiyel, Ubangiji ya ce shi da kansa ya zama musu wurin sujada a ƙasashen da suka warwatsu. Ikilisiyoyin da suke da sauƙi kuma, zumuntar mata da ta matasa, ku ware wani abu daga baiko da hatsin godiya domin baƙin da suka sauka a cikinku.

Sa'an nan ga umarni mafi wuya, a aya ta 7. An ce su nemi lafiyar garin da aka kai su, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Babila ke nan fa, garin waɗanda suka kama su. In an umarci Bayahude ya yi wa Babila addu'a, balle mu da muke zaune da maƙwabta waɗanda muke shan rijiya ɗaya, muke cin kasuwa ɗaya, muke gudu tare idan an ji ƙarar babura. Mu yi addu'a domin sarakunan Anka, da Gummi, da Bukkuyum, da hakimai, da shugabannin ƙananan hukumomi, da jami'an tsaro. Mu je gaisuwar mutuwa gidan maƙwabci. In abinci ya zo hannunmu, kada mu tambayi mayunwaci inda yake sujada. Kada kuma mu ɗora laifin 'yan bindiga a kan kabila ɗungum, gama a cikin Fulani ma akwai waɗanda aka kwashe wa shanu aka kashe wa 'ya'ya. Har waɗanda suke daji, Ubangijinmu ya umarce mu mu yi musu addu'a, ko Allah ya ba su tuba.

Irmiya da kansa ya yi abin da ya koyar. A sura 32, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, shi kuma yana tsare, sai ɗan'uwansa Hanamel ya zo ya ce ya sayi gonarsa da ke Anatot. Wa zai sayi gonar da abokan gāba suka kafa sansani a kanta? Irmiya ya auna shekel 17 na azurfa ya biya, aka sa hannu gaban shaidu, ya ce wa Baruk ya sa takardun cikin tukunyar ƙasa don su daɗe. Ya yi haka domin ya gaskata za a sāke sayen gonaki a ƙasar. Kai da ka bar gonarka a daji, ka adana shaidarta, ka faɗa wa 'ya'yanka iyakokinta.

RANAR DA AKA KWANCE

A shekara ta 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, ba da daɗewa ba ya ba da izini Yahudawa su koma su gina Haikali. Sairus bai san Ubangiji ba, amma a littafin Ishaya sura 45 an kira shi da sunansa, an ce Allah ne ya riƙe hannunsa. Ezra sura 2 ta ƙidaya mutum 42,360 da suka koma. An gama sabon Haikali a 516, shekara 70 bayan an ƙone na fari. Masu tonon kufai sun sami wata 'yar gangar yumɓu a Babila a 1879, mai ɗauke da sanarwar Sairus cewa ya mai da mutane garuruwansu, tana ajiye a Landan. An kuma sami allunan yumɓu masu lissafin abincin da fadar Babila ke bayarwa, da sunan Yekoniya sarkin Yahuza a ciki. Ba tatsuniya muke karantawa ba.

Mutanen Anka sun san irin wannan a tarihinsu. A ƙarni na 18 Gobirawa suka ci Birnin Zamfara, sarautar Zamfara ta yi ta ƙaura daga gari zuwa gari kafin ta zauna a Anka. Garin da ya karɓi 'yan gudun hijira a zamaninmu, shi ma masu neman wurin zama ne suka ɗaukaka shi.

Amma babban abin shi ne wannan. Yekoniya ya yi shekara 37 a kurkuku kafin a sake shi. Wanda ya gan shi a lokacin zai ce gidan Dawuda ya ƙare. Ku buɗe Matiyu sura 1, za ku ga sunansa cikin jerin kakannin Yesu Almasihu. Alkawarin Mai Ceto ya bi ta cikin kurkukun Babila ya fito da rai. A kan gicciye ma haka ya faru. Ayyukan Manzanni sura 2 da sura 4 sun nuna mana mugayen mutane ne suka kashe Yesu, laifin yana kansu, duk da haka shirin Allah ne ya cika domin cetonmu. A rana ta uku kabari ya kasa riƙe shi. Shi ya sa muke iya dogara gare shi. Allahn da muke bauta wa bai tsaya daga nesa yana kallon wahala ba, Ɗansa ya shiga cikinta.

Wasu daga cikinmu za su koma ƙauyukansu su sāke kafa rumbu. Wasu, kamar dattawan Babila, za a binne su a baƙon wuri. Bitrus ya kira dukan masu bi baƙi a duniyan nan, gidanmu na ainihi yana gaba. Ko ta wace hanya, ba mu hannun mai bindiga. Muna hannun Makiyayi Mai Kyau, shi ya san tsawon igiyar, shi ne kuma zai zo ya kwance.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, kai ne mai mulki bisa sarakuna da al'ummai. Ka ga hawayen mutanen Anka, da Gummi, da Bukkuyum. Ka ta'azantar da gwauraye da marayu, ka komo da waɗanda suke tsare a daji, ka ba shugabanninmu tsoronka da hikima. Ka juyo da zukatan masu mugunta. Ka tsare mu daga annabawan ƙarya da zuciyar ramuwa. Ka ba mu ƙarfin yin aiki da neman lafiyar garin da muke ciki, har ranar da za ka kwance mu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Masu sauraro, kafin mu sāke saduwa, ku karanta Daniyel sura 3 da sura 6 tare da iyalinku. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka. Ku huta lafiya.